Gado Babu Majinyaci: Tarihin Masu Biyan Kuɗin Asibiti a Kano

A ƙarshen wani wata, ƙanwata da ke aikin jinya a wani asibitin kuɗi a Nassarawa GRA ta dawo gida da takarda biyu a jakarta, ɗaya ta albashi, ɗaya ta sallama. Ba a tuhume ta da laifin komai ba. Abin da aka shaida musu, ita da wasu abokan aikinta, shi ne marasa lafiya sun ragu, an rufe ɗakin kwanciya guda, kuma asibitin ba zai iya ci gaba da riƙe kowa da kowa ba. Da ta gama ba ni labari sai ta yi mini tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan maƙala: yaya za a ce marasa lafiya sun ragu a Kano, garin da ake kama layin kati a Asibitin Murtala tun kafin gari ya waye?

Amsar a taƙaice ita ce cuta ba ta ragu ba, masu iya biya ne suka ragu. Amsar mai tsawo kuwa tana cikin tarihi. In aka bi sawun asibitin zamani a Kano tun zuwan Turawa, za a tarar cewa gadon asibiti bai taɓa tsayuwa da aljihun majinyaci shi kaɗai ba. A kowane zamani akwai wani na uku a bayan fage da ke ɗaukar nauyin: gwamnatin mulkin mallaka, baitulmalin En'e, 'yan mishan, kuɗin man fetur, ko masana'anta. Duk lokacin da na ukun nan ya janye hannunsa, gado yakan zama fanko, kuma ma'aikaci ne farkon wanda ke ji a jikinsa.

Asibiti biyu, asusu biyu

Sojojin Lugga sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Turawa ba su zauna a cikin ganuwa ba. Sun kafa mazauninsu a gabas da birni, a kewayen gidan Sarki na Nassarawa da kuma Bompai. A nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma nan ce ta zama unguwar da muke kira GRA a yau. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Tun farko, ke nan, batun lafiya ne ya shata iyakar unguwar.

Asibitin Nassarawa ya faro ne a matsayin wurin jinyar Turawa da manyan ma'aikata. Shi ne aka sauya wa suna daga baya don tunawa da Kanar Muhammadu Abdullahi Wase, kantoman Jihar Kano da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos a 1996, kuma saboda shi ne titin da yake kai yake amsa sunan Hospital Road. Majinyatansa na farko ba masu laluben aljihu ba ne, gwamnati ko kamfanin da ya kawo su ƙasar ne ke ɗauke da su.

Mutanen birni kuwa sai a ƙarshen shekarun 1920, a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, suka sami babban asibitinsu a kusa da Ƙofar Mata, wanda aka mayar Asibitin Murtala bayan 1976. Na En'e ne, kuma baitulmali ne ya riƙe shi. Wato talaka ya riga ya biya kuɗin gadonsa ta hanyar haraji da jangali tun kafin ciwo ya kama shi. Abin lura shi ne, a wancan zamanin ma an yi kukan ƙarancin majinyata, amma dalilin daban ne. Jama'a ba su saki jiki da maganin Bature ba. Suna da wanzamai da masu ɗori da ungozomomi da malamai, kuma da yawa suna ganin asibiti wuri ne da ake kai wanda aka fid da rai da shi. Sai da aka shafe shekaru ana ganin amfanin allura da tiyata kafin amana ta ginu.

Asusu na uku shi ne na mishan. A 1937 aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun cocin ECWA. Waɗannan sukan karɓi ɗan abin da ya sauƙaƙa daga majinyaci, amma likitocin da kayan aikin gudummawar coci-coci ne na Amurka da Kanada da Ingila.

Zamanin wadata

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta gaji asibitocin En'e, sannan kuɗin mai ya shigo. Farashin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya zo da alƙawarin kai asibiti kowane lungu, kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe da yawa daga asibitocin mishan. Wanda ya yi wayo a wancan lokaci zai gaya maka yadda ake zuwa asibitin gwamnati a ga likita, a karɓi magani, a dawo gida ba a kashe abin a zo a gani ba.

To, a ina asibitin kuɗi ya sami kasuwa alhali na gwamnati kusan kyauta ne? Amsar tana Bompai da Sharaɗa da Challawa. A lokacin, Kano ce ta biyu a ƙasar nan wajen masana'antu bayan Legas: masaƙu, matatun man gyaɗa, majemu, kamfanonin robobi da alewa da kwanukan sha. Babban kamfani yakan ƙulla yarjejeniya da wani asibitin kuɗi, ma'aikaci ko matarsa ko ɗansa su je da katin kamfani a duba su, a ƙarshen wata asibitin ya aika da lissafi. Haka bankuna suke yi, haka kamfanonin jiragen sama da hukumomin tarayya. Likitan da ya sami irin wannan yarjejeniya biyu ko uku ya san abin da zai shigo masa kowane wata, don haka zai iya ɗaukar nas-nas, ya sayi injin hoto, ya kama hayar gida mai faɗi.

Irin wannan gidan kuwa a Nassarawa yake. Gidajen Turawa da na manyan ma'aikata suna da filaye da ɗakuna da inuwa, ga titi mai kwalta, ga manajojin kamfanoni da 'yan Lebanon da manyan jami'an gwamnati a maƙwabta. Sannu a hankali falo ya koma wurin jira, ɗakin kwana ya koma ɗakin haihuwa. Wanda ya zaga titunan Lamido da Sultan da Alu a yau zai ga allunan asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje a jikin katangun da asalinsu na gidajen zama ne.

Daga 1982 zuwa 1986

Farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, kuma magani ya fara ɓacewa daga asibitocin gwamnati. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu kayan aiki. A 1985 likitoci suka shiga yajin aiki, gwamnatin Buhari ta haramta ƙungiyarsu ta kuma sallami masu yajin. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira, wadda a 1985 ta ɗan fi dala daraja, ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin shekara guda, kuma biyan kuɗin kati da na magani ya zama ƙa'ida a asibitin gwamnati.

Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, ƙwararrun likitoci suka kama hanyar Saudiyya da Ingila da Amurka, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti kan ƙaurar masana a 1988, shekarar da aka kafa asibitin koyarwa da yanzu ake kira na Malam Aminu Kano. Na biyu, da yawa daga waɗanda suka zauna suka buɗe nasu, wasu da rana a asibitin gwamnati, da yamma a nasu. Tun da an fara biya a na gwamnati, sai mai ɗan hali ya ga gwamma ya ƙara kaɗan ya huta da layi. Don haka yawaitar asibitocin kuɗi a Kano ba alamar arziki ba ce tsantsa. Rabinta 'yar wadatar shekarun 1970 ce, rabinta 'yar durƙushewar asibitin gwamnati.

Da injuna suka yi shiru

Ginshiƙin da ya fi riƙe asibitin kuɗi, wato masana'anta, shi ma bai daɗe ba. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ga wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ga atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu irin su Gaskiya, waɗanda a da suke aiki dare da rana, suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idan masaƙa ta sallami ma'aikata dubu, ba mutum dubu kaɗai asibitin da ke hulɗa da ita ya rasa ba, har da matansu da 'ya'yansu. Kuma ba warkewa suka yi ba. Sun koma kemis ɗin unguwa, inda ake sayar da ƙwaya biyu ko uku daidai kuɗin mutum.

Hare-haren 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka hallaka mutum fiye da 180 a yini ɗaya, sun ƙara wani giɓin. Dokar hana fita da shingayen bincike sun kashe zirga-zirgar dare, kuma baƙi da 'yan kasuwa da dama, waɗanda suna cikin masu biya ba tare da ciniki ba, suka bar garin.

A daidai wannan tsakanin, masu hannu da shuni suka gano hanyar Alƙahira da Indiya da Dubai. Tiyatar da a da za a yi a Nassarawa, wadda ribarta ke biyan albashin wata, sai ta koma ana yin ta a ƙetare. Gwamnatin jiha ma ta shigo fagen: a ƙarshen 2017 aka buɗe Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari a Giginyu, a gefen Nassarawa, da asibitin yara na titin gidan Zu. Na sama ya hau jirgi, na ƙasa ya tafi kemis ko asibitin gwamnati, aka bar asibitin kuɗi da 'yan tsakiya, masu albashi da matsakaitan 'yan kasuwa. Su kuwa su ne hauhawar farashi ta fi yi wa illa.

Inshorar da ba ta cike gurbin ba

An yi niyyar inshorar lafiya ta maye gurbin katin kamfani. An yi dokarta a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 2005. Tsarin shi ne a riƙa biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, ta hannun kamfanonin da ke dillancin shirin. A takarda, wannan shi ne ainihin abin da asibitin kuɗi ke buƙata, wato kuɗin shiga da za a iya lissafawa tun kafin wata ya kama. A aikace, shirin ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya ba, kuɗin kowane mutum ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma yayin da farashin magani ke ninkawa, kuma masu asibitoci sun sha kokawa da jinkirin biya.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya. Ba banza aka zaɓi kalmar taimakekeniya ba, domin akwai masu ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini. A 2022 dokar tarayya ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa. Duk da haka, waɗanda ke cikin shirin ba su kai kashi goma cikin ɗari na 'yan Nijeriya ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa kai tsaye. Wannan na cikin mafi yawa a duniya.

Darasin 2020 da na 2023

A watan Afrilun 2020 cutar korona ta shigo Kano, aka kulle gari, asibitocin kuɗi da dama suka rufe ko suka taƙaita aiki saboda tsoro da rashin kayan kariya. A makonnin ne maƙabartu suka cika. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye na iya kasancewa da nasaba da cutar. Masu ciwon suga da hawan jini da suka saba da asibitin kuɗi sun rasa inda za su. Abin ya nuna cewa waɗannan asibitoci, duk da na 'yan kasuwa ne, wani ɓangare ne na garkuwar gari.

Sai kuma 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, Sanofi ya bi sahu. A Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin farko ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Magidancin da abinci ya cinye albashinsa ba ya daina rashin lafiya. Jinkirtawa yake yi: a fasa awon ciki, a ɗage tiyatar gwaiwa zuwa bayan kaka, a raba ƙwayar hawan jini biyu, sai abin ya ci tura a kwashe shi ranga-ranga.

Me ya sa ma'aikaci ne farkon tafiya?

Lissafin mai asibiti ba shi da wuyar fahimta. Kuɗin haya ba ya raguwa don gado ya zama fanko. Janareta na shan dizal iri ɗaya ko majinyaci biyu ne a kwance ko ashirin, kuma firjin jini da na allurai ba a kashe su. Abin da ake iya taɓawa cikin gaggawa shi ne albashi. Sai a fara da masu shara da masu ba da kati, a haɗe aikin dare na mutum uku a kan mutum ɗaya, a mayar da likita mai zuwa na sa'o'i maimakon na dindindin.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata saboda aiki ya yi ƙaranci, a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon fita tare da la'akari da ƙwarewa, kuma a tattauna haƙƙin sallama. Kotun ma'aikata tana da reshe a Kano. Sai dai yawancin ma'aikatan ƙananan asibitoci ba su da ƙungiya, wasu ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ga kuma abin takaicin. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Ƙasar da ke kukan ƙarancin ma'aikatan lafiya ita ce kuma take sallamar su. Nas ɗin da aka sallama a Nassarawa ba za ta zauna jiran kasuwa ta gyaru ba. Za ta fara neman hanyar Saudiyya ko Ingila, kuma in ta tafi, da wuya ta dawo.

Abin da aka yi a Dallas

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya fara rugujewa, asibitin Jami'ar Baylor da ke Dallas yana fama da basussukan da majinyata suka kasa biya. Jami'in da ke kula da shi, Justin Ford Kimball, tsohon shugaban makarantun birnin ne, kuma ya lura malaman makaranta na da yawa a cikin masu bashin. Sai ya yi musu tayi: kowane malami ya riƙa ba da santi 50 a wata, in ciwo ya kwantar da shi yana da kwana 21 a asibiti ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Daga wannan ne inshorar Blue Cross ta samo asali. Tsarin lafiyar Amurka na yau yana da nasa manyan matsalolin, kuma ba abin kwaikwayo ba ne dungurungum. Abin ɗauka shi ne dabarar farko: kuɗi kaɗan, daga mutane da yawa, kafin ciwo ya zo.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga garin da ya san adashi da zakka da waƙafi. Masana'antun da suka riƙe asibitocin Nassarawa sun tafi, amma taron jama'a masu sana'a ɗaya bai tafi ba. Yana Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Kasuwar Kurmi, yana cikin ƙungiyoyin masu Adaidaita Sahu da teloli da malaman Islamiyya. Kowace ƙungiya daga cikinsu tana da shugabanni da rajista da kuɗin mako. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da hukumar taimakekeniya bisa farashin da asibiti zai iya aiki da shi, a biya a kan lokaci, kuma a hukunta asibitin da ya karɓi kuɗin ya wulaƙanta mai kati. Amana ce jarin, kamar yadda ta kasance a Ƙofar Mata shekaru kusan ɗari da suka wuce. Su ma masu asibitocin akwai gyara a wuyansu: ƙananan asibitoci goma a unguwa ɗaya, kowanne da janaretansa da ɗakin tiyatarsa da ba ya aiki sai jefi-jefi, ba tsari ne mai ɗorewa ba.

Ƙanwata ta sami aikin wucin gadi a wani wurin, kwana uku a mako, kuma ta sayi littattafan jarrabawar Turancin da ake nema kafin a ɗauki nas a Ingila. Ɗakin da aka rufe a tsohon wurin aikinta yana nan da gadajensa. Waɗanda ya kamata a ce suna kwance a kansu suna gidajensu a Brigade da Dakata da Hotoro, suna jiran albashi ko ciniki ya faɗo kafin su je a duba su.